Ranar da Kwamfuta Ta Hau Motar Tumatir

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Paki ya san abin da wannan ke nufi. Uwarka ba ta kiran sunanka, ba ta haɗa ido da kai, ba ta yabonka ko me ka yi. To, Innarmu ta ɗauki wannan kunyar ta kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. In tana da magana da ni, sai ta nemi wanda za ta gaya wa a gabana. In autarmu na kusa, ita ce mai karɓa. In ba ta nan, akwai wata jar akuya da ke ɗaure a gindin rumbu, ita ake gaya wa. Wallahi akuyar nan ta sha faɗan da ba nata ba.

Zamanin soja ne, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Makarantarmu ta kwana kuwa sai ta fara da tsuke bakin tukunya. Miya ta koma ruwan zafi da aka nuna wa kuka daga nesa, malamai yau suna aji gobe suna yaji. Ina aji uku na ɗaure akwatina na taho gida, ban ma jira an kore ni ba. Da na shigo, Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta dubi akuya ta ce, "Kin gani ko? An aiki mutum ɗiban ruwa, ya dawo da rabin tulu. To, bari ni in je in ƙaraso."

Na ɗauka magana ce kawai. Ashe da gaske take. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren garinmu, ita ta fara kai kanta, da furfurarta da komai. Malamarsu wata Kirista ce, Bahaushiya 'yar Saulawa, a kan keke take zuwa, kuma ta iya da tsofaffi. Ba ta ce musu wannan baƙi ne wannan wasali ne. Sai ta ce wannan turmi ne, wannan tsani ne, wannan ƙwarya ce a kife. Haruffan nan namu masu lanƙwasa a ka, wato ƙ da ɗ da ɓ, su kuma ta ce masu lauje ne. Kowace mace a ajin nan ta san lauje, ta yanke dawa da ciyawa da shi, saboda haka nan da nan suka kama.

Ni kuwa na samu abin tsokana. Duk ranar da na zo gida na tarar ta dawo da littafinta a cikin leda, sai in dubi auta in ce, "Ke, 'yan makaranta an taso? Yau wa aka zane? A tambayo mana ko an ba su aikin gida."

Inna sai ta dubi akuya. "Wani dai ga baki, ba satifiket."

A lokacin ina zaune a Ikara, a shagon wata mata da kowa ke kira Madam. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta daɗe tana buga tafireta a sakatariya, har aka zo rage ma'aikata sunanta ya fito. Ba ta zauna kuka ba. Ta tattara abin da aka sallame ta da shi, ta sayo kwamfuta ta gwanjo da wata tsohuwar firinta da ɗan janareta, ta kama shago kusa da tasha. Kwamfutar nan, malam, kamar amarya. Lulluɓe ta ake yi da farin leshi, ba a shiga wurinta da takalmi, kuma ko atishawa za ka yi sai ka juya baya. Mutane har daga ƙauye suke zuwa leƙe, suna tambaya wace tasha take kamawa.

Aikina a shagon uku ne. In ja janareta in an ɗauke wuta, wato kullum. In kori yara daga taga. Sai kuma in sa lauje.

Bari in yi bayanin na ukun, don yaran yanzu ba su san shi ba. Wanda ya ƙera tafireta da kwamfuta bai san da zamanmu ba. Ka dube kibod ɗin daga farko har ƙarshe, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Saboda haka in an kawo aikin Hausa, katin biki ne ko waƙoƙin coci ko sanarwar mai unguwa, sai Madam ta buga shi haka nan tsirara, ni kuma in ɗauki baƙin biro in bi layi-layi ina lanƙwasa wa haruffa kai. Haka ake yi ko'ina, daga ofis har kotu. Na ƙware har ina yi ina cin gyaɗa. In wani ya tambaye ni aikina sai in ce, "Ni ne mai gyara wa kwamfuta kuskurenta."

Rannan sai ga Malama ta jingine kekenta a ƙofar shago, da takardu a hannu. Ta ce ajinsu ya kusa gamawa, za a yi taron yaye su, har da manya daga ƙaramar hukuma. Ta sa kowace mace ta faɗi wani abu da ta iya da bakinta, ita kuma ta rubuta. Wata ta faɗi yadda ake daddawa, wata yadda ake kauɗar tumatir, Innarmu kuma yadda ake ajiye iri da toka a tulu, a liƙe bakin da laka kada ƙwari su shiga. So take a buga su a zama ɗan littafi, kowa ta samu nata. Ranar taro kuma za a tayar da mace ɗaya ta yi karatu a gaban jama'a, babban baƙo ya buɗe shafin da ya ga dama. Kuma wadda ajin ya zaɓa ita ce Inna.

Na ce, "Malama, tsohuwar tawa? Ashe a gidanmu akwai mai ƙwaƙwalwa."

Ta ce, "Akwai, ɗana. Tsallake ka ta yi."

Madam ta buga, na bi da biro, aka kai wani wuri aka yi fotokwafi. Sai dai injin fotokwafin nan shi ma tsuke aljihu yake yi, tawadarsa ta kusa ƙarewa. Rubutu ya fito fari-fari, laujena wani ya ɓace, wani ya koma ɗigo, ga wasu ɗige-ɗigen na inji da ba wanda ya gayyace su. Malama ta karɓa a haka, ta ce za su gwada.

Da na je gida ranar Juma'a, tun daga zaure auta ta tare ni ta ba ni labari. An yi gwaji a aji, an bar taga a buɗe, matan unguwa da ba su shiga ajin ba sun taru suna kallo. Inna ta miƙe, ta fara da kyau, sai ta zo kan wani harafi ta tsaya. Ta kai takarda kusa da ido, ta janye, ta sa farce tana kankarewa ta ga ko datti ne. Ta wuce, ta sake cin karo da wani, ta sake tsayawa. Sai wata a taga ta ce, "A taimaka wa ɗaliba da tsintsiya mana." Aka kwashe da dariya. Washegari a bakin rijiya duk wadda ta gan ta sai ta ɗaga tafin hannu tana kankarewa da farce. Tun ranar ba ta koma aji ba. Littafinta ma ta jefa shi cikin kwalla ta rufe.

Na shiga na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na zauna. Can sai ta juya wajen rumbu.

"Ke jar nan, ki gaya wa masu inji, a littafin Malama lauje a jikin harafi yake, kamar kunne a jikin kai. Nasu kuwa ban san lauje ba ne ko kashin ƙuda. Idona ba na yarinya ba ne. Ba zan tsaya gaban garin nan ina kankare takarda ba. Na gama."

Na dubi auta na ce, "Ki ce mata abu ne mai sauƙi. A roƙi baƙon ya buɗe shafinta. Ai maganarta ce, ta san ta da ka. Ta riƙe takarda ta zuba kawai, wa zai gane?"

Inna ta ci gaba da tsince wake. Ta ce wa akuya, "Irin wannan karatun ne ya dawo da wani gida da akwati."

Kai! Na sha zagi a tasha, na sha na direbobi, na sha na Madam, ba wanda ya taɓa shigata kamar wannan. Na tashi na karkaɗe wando. A zaure na ce wa auta, "Ki bar kwallar nan a inda take, kada kowa ya hura wuta da littafin. Sai na sa injin nan ya yi Hausa ko ya ƙi ko ya so."

Faɗa na yi kawai, ban san ta inda zan fara ba. Amma zaman tasha yana da rana, kunnenka ba ya rasa labari. Wani ɗalibi da ke kawo mana aiki ya taɓa ce min a Zariya, wajen Samaru, akwai wani mai shagon ɗab'i da ke da haruffan Hausa a cikin faifai, irin ɗan baƙin faifan nan mai kusurwa huɗu da ake zura wa kwamfuta a baki. Na je wurin wani abokina ɗan Kudan da kawunsa ke dafa mazarƙwaila, na yi masa daɗin baki ya ba ni manya guda biyu. Na naɗe su a takardar siminti na hau mota.

Mai shagon da farko ya so ya yi min yanga. Ya ce haruffan nan daga jami'a aka samo su, ba a ba kowa. Ban yi gardama ba. Na zauna a benci na kwance takarda, na ɓantari mazarƙwaila ina tsotsa ina kallon titi. Ƙanshi ya cika shago. Ya dube ni, ya dubi aikinsa, ya sake dubana.

"Ta ina ce wannan?"

"Ta Kudan ce, yallaɓai. Ba a ba kowa."

Ya yi dariya har da buga tebur. Kafin la'asar mazarƙwaila tana teburinsa, faifai yana aljihuna, ya kuma nuna min yadda ake zuba shi a kwamfuta: danna nan, buɗe nan, jawo nan. Na mai da abin waƙa ina rerawa a mota don kada ya zube.

A hanya muka tarar da shingen sojoji. Aka sauke mu ana lalube. Wani dogo ya zaro faifan daga aljihuna yana juya shi.

"Mene ne wannan?"

"Haruffa ne, oga."

"Haruffa? Guda nawa?"

"Uku ne, oga. In an haɗa da manyansu shida."

Ya ɗaga shi sama yana hangen rana ta jikinsa, ya girgiza shi a kunne. Sai na ga yatsansa na neman ɗan ƙarfen da ke rufe bakin faifan. Na ce, "Oga, in aka buɗe a iska tashi suke yi, kuma na tsohuwata ne." Ya harare ni, ya ga dai ba ni da kamar mai juyin mulki, ya cilla min abina ya ce in ɓace.

Madam ba ta yarda da sauƙi ba. Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. "Ka ji ni da kyau. In ka sa mata cuta, kai zan sayar in gyara ta."

"Madam, wa zai saye ni?"

"Shi ne abin da ke damuna."

Na rera waƙata, na danna nan, na buɗe nan, na jawo nan. Kwamfuta ta yi gurnani ta haɗiye. Na zaɓi sabon rubutun, na gyara zama, na danna k. Sai ga k tsirara, irin ta kullum. Na danna d, haka. Na danna b, haka. Ashe mazarƙwaila ta ɗauke mana hankali ni da mutumin, ban tambaye shi inda laujen ke ɓuya ba, shi ma bai faɗa ba.

Madam ta ce, "To, injiniya. Rake ka kai, iska ka kawo."

Na ce tunda suna ciki, ai ba za su wuce maɓallan nan ba. Na fara daga kusurwar sama ina danna su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman kaza gida-gida. Na gama layin lambobi, ba komai. Na sauko layi na biyu na danna na farkonsa, wato q. Sai ga ta ta fito a gilashin kwamfuta, ƙ, da laujenta a ka, tsaf kamar a littafi.

Madam ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Ni kuma na yi kabbara har mai shayi ya leƙo. Muka ci gaba da farauta. Muka samu ɗ a ƙarƙashin x, muka samu ɓ a ƙarƙashin v. In ka haɗa da maɓallin manyan baƙi, sai manyansu su fito. Na zauna ina kallon maɓallan nan uku. Duk zamana a shagon ban taɓa ganin an taɓa su a aikin Hausa ba, zaman banza suke yi a gefe kamar ni a tasha. Ashe jira suke a ba su aiki. Madam ta ɗauko jan farcenta ta ɗiga wa kowanne a ka don kada mu manta.

Sai wata sabuwa. Yatsun Madam sun yi shekara da shekaru a kan tafireta, ba ta kallon kibod, kuma sun rantse ba za su taɓa q a tsakiyar kalmar Hausa ba. Ta buga layi, ta goge, ta buga, ta goge, har ta yi tsaki ta tashi. Ni kuwa yatsuna ba su san komai ba, ba abin da za su manta. Da yatsa biyu, kamar kaza na tsattsagar tsaba, na buga littafin nan tun daga daddawa har zuwa irin Inna. Na kuma ƙara wa haruffan girma, yadda ko daga bakin ƙofa za ka hango lauje.

Saura fitarwa a takarda. Firintar Madam irin mai kururuwar nan ce, da allurai take rubutu, ribin ɗinta, wato ƙyallen tawadar, kuma ya bushe har muna ɗiga masa man keken ɗinki. Ta fitar da shafi ɗaya, lauje ya fito ɗige-ɗige. Na ce a'a, kashin ƙuda ya dawo da sabuwar riga. Madam ta ce a Makarfi akwai wani Alhaji mai firinta ta zamani da injin fotokwafi mai lafiya. Ta juye min aikin a wani faifan nata, na tafi ina taƙama.

Alhaji ya zura faifai a kwamfutarsa ya buɗe. Ya gyara tabarau. Ya kira yaronsa ya ce zo ka gani. Duk inda na sa lauje, q ce da x da v suka fito tsirara, sun cika shafi kamar an watsa tsakuwa a tuwo.

"Samari, wannan Hausar wace ƙasa ce?"

Na rantse masa a Ikara lafiya lau take. Ya ce to ai haruffan suna cikin kwamfutar Ikara, tasa ba ta san su ba, in je in kawo faifan Zariya. Na koma da gudu. Faifan nan kuwa, saboda tsabar tattali, na ɓoye shi inda nake ɓoye duk wani abu mai daraja, a bayan lasifikar rediyona. Wa ya gaya min mayen ƙarfen da ke ciki yana shanye faifai? Muka zura, kwamfuta ta yi ta tari, ta ce ba ta san shi ba. Zariya kuma ba ta komuwa, man fetur ya ɓace, motocin can duk suna kan layi a gidan mai, ga taro ya matso.

Na zauna a kan janareta ina tunani, abin da ba a saba gani ba. Can na ce, "Madam, Alhaji ya ce haruffan suna cikin cikinta, ko?"

"Haka ka ce ya ce."

"To, mu kai masa cikin."

Ta dube ni kamar na zagi kakanta. "Ka san mece ce wannan? Ita ce fanshona, ita ce gonata, ita ce mijina."

"Madam, ko miji ai yana zuwa kasuwa."

Ta jefe ni da murfin biro. Amma ba ta ce a'a ta biyu ba. Ta zauna gaban gilashi tana karanta shafin Inna, wanda da can ta buga shi ba tare da ta kula da abin da ke ciki ba. Ta karanta yadda ake tankaɗe toka, a zuba iri, a zuba toka, a liƙe da laka. Ta ce a hankali, "Haka mamata ke yi wa acca. Ita har ta mutu ba ta riƙe fensir ba." Sai ta ce, "Je ka nemo mota. Amma ni zan riƙe ta."

Motar da na samu a-kori-kura ce ta 'yan tumatir, mai zuwa kasuwar Makarfi da man bumburutu. Madam ta shiga gaba, ta naɗe kwamfuta da zani ta rungume ta kamar jaririya, duk ramin da aka faɗa sai ta ce wa direba, "Kai, a hankali, ba buhu ka ɗauko ba!" Ni ina baya a tsakiyar kwanduna, na ɗora gilashin a cinya, kibod a hammata, ɓeran kwamfuta a aljihu da wutsiyarsa a waje. Ba abin da muka bari, har leshin. Wata tsohuwa mai kwando ta tambaye ni ko talabijin ɗin ta sayarwa ce. Na ce, "A'a Iya, asibiti za mu kai ta, Hausa ta maƙale mata a wuya."

Muna hango garin Makarfi mota ta yi tari biyu ta mutu. Mai ya ƙare. Direba ya fito yana zagin yaron da ya sayar masa, wai rabi kananzir ne. Madam ba ta tsaya sauraro ba. Ta kwance ɗankwali ta yi gammo, ta ɗora kwamfuta a ka. Ni ma na yi gammo da rigata na ɗora gilashi. Muka shiga gari a ƙafa ranar kasuwa, ita a gaba ni a baya, tumatir ya yi min jan tambari a wando. Yara suka biyo mu. Masu rake suna tambaya, "Ina amaryar za ta tare?" Ina amsa musu, "Gidan Alhaji, ku zo cin tuwo!"

Alhaji na ganinmu ya miƙe tsaye. Ya dubi Madam, ya dube ni, ya dubi yaran da ke bayanmu. Sai ya zauna ya fara dariya, har ya cire tabarau yana share ido.

"Bayin Allah! Ai da kun sa wani faifan kun kwafo haruffan daga cikinta. Abin da zai shiga aljihun riga!"

Madam ta juyo a hankali ta dube ni, kwamfuta na kanta. Na ce, "Madam, ai gara da muka zo da ita, ta ga gari."

Ba ta kashe ni ba, saboda akwai shaidu. Alhaji ya haɗa wayoyi, ya yi 'yan danne-dannensa, firinta ta ja takarda ba kururuwa ba tari. Shafin farko ya fito da ɗuminsa. Na ɗauka. Baƙi wuluk, kowane lauje a jikin harafinsa, kamar tare aka haife su. Na sa farce na kankara, don in riga Inna. Ko gezau.

Alhaji ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Ya ce shi da ke wannan sana'a har yau da biro yake bi. Ya rage murya ya ce ko za a bar masa haruffan a tasa kwamfutar? Na gyara tsayuwa na ce, "Alhaji, daga jami'a aka samo su, ba a ba kowa." Madam ta taka min ƙafa. Aka dai daidaita: ya kwafi haruffa, ya buga mana littattafan ajin gaba ɗaya, ya kuma sa ƙaninsa ya mai da mu Ikara a motarsa. Kwamfuta ta je a motar tumatir ta dawo a kujerar baya.

Washegari na kai wa Malama nata, na ɗauki guda na wuce gida. Na miƙa wa auta a tsakar gida, da ƙarfi yadda za a ji: "Ga wannan, a ajiye a kan turmi. In akwai mai farce, a gwada." Na fita zaure na laɓe ina leƙe ta jikin zana. Inna ta gama abin da take yi, ba gaggawa. Ta wanke hannu, ta goge a zani, ta ɗauka. Ta buɗe. Ta sa farce sau ɗaya. Ta matsar da takardar nesa da ido, na ga leɓenta ya fara motsi, yatsa na tafiya, ba ya tsayawa. Ba ta ce wa akuya komai ba. Da azahar ta yi, na ji ƙarar murfin kwalla, ta yafa mayafi ta nufi firamare.

Ranar taro aka jera benci a ƙarƙashin mangwaron makaranta. An ce matar Kantoma za ta zo, ba ta zo ba, aka turo wani jami'i mai babbar riga. Ba wanda ya damu, don ba ita aka zo kallo ba. Matan bakin rijiya sun zo da wuri sun kama gaba, har da mai maganar tsintsiya. Madam ta rufe shago ta zo, tana zaune kusa da Malama. Ni ina can baya a kan katanga da 'yan uwana marasa satifiket.

Aka kira Inna. Ta miƙe, ta gyara mayafi. Jami'i ya karɓi littafi ya juya, ya juya, ya wuce shafinta, ya tsaya a kan na daddawa, ya miƙa mata. Maganar wata ce, ba tata ba.

Ta ɗora yatsa. Ta fara a hankali, kalma-kalma, yadda ake taka gona mai laka. Ɗorawa ta zo, ta wuce ta. Ɓarewa ta zo, ta wuce. Ta zo kan ƙullawa, na ga ta ɗan tsaya, ashe numfashi ta ja. Daga nan muryarta ta buɗe. Wurin ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya a kan mangwaro. Mai daddawar da kanta tana zaune tana gyaɗa kai, tana cewa, "Haka ne, haka nake yi." Da ta kai ƙarshen shafi ba ta san an ƙare ba, ta juya ta kama na kauɗar tumatir, sai da jami'i ya ce, "Ya isa, Hajiya, ya isa, kada ki cinye mana littafin."

Malama ce ta fara guɗa, Madam ta karɓa da irin tasu, sai ajin gaba ɗaya. Mai tsintsiya ta duba hagu ta duba dama, ta ga ita kaɗai ta rage, ita ma ta rangaɗa. Ni kuwa na yi tsalle a kan katanga na manta katanga ce, sai da aka ɗago ni daga cikin ciyawa. Jami'i ya ɗaga littafin ya tambaya a ina aka buga, don ko a ofishinsu ba su da irin wannan rubutun. Malama ta nuna Madam, Madam ta nuna ni, ina karkaɗe ƙaiƙayi. Kowa ya juyo. Mutum ɗaya ce ba ta juyo ba, tana can tana gyara bakin mayafi kamar ba a garin take ba.

Da yamma na shiga gida. Auta ta tafi kai wa maƙwabta tuwo, daga ni sai Inna sai akuya. Na zauna a kan turmi ina jiran in ji abin da za a gaya wa jar nan yau. Inna ta zubo dambu a kwano, ta kwarara masa mai fiye da na kullum, ta ajiye a inda hannuna zai kai. Akuya ta miƙo wuya tana jiran saƙo. Inna ta ture mata kai.

"Matsa can, yau ba da ke nake ba."

Ta tsaya tana kallon rumbu, ta ba ni rabin baya. Ta ce, "Sannu da aiki."

Ni da ban taɓa rasa amsa ba, a tasha ko a gaban soja, yau sai ga ni ina neman ɗan aike. Na duba ko'ina a tsakar gidan nan. Ƙarshe na juya wajen akuya na ce, "Ki ce mata yauwa."